Ku Tambaya, Mu Amsa: Mako Guda a Jirgin Ruwa Tsakanin Tsibiran Kuroshiya

Daga wani magidanci a Kaduna: *Mu takwas ne, ni da ƙanena da iyalanmu. Muna son mu yi hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska a Kuroshiya, mu zaga tsibirai na mako guda. Babu wanda ya iya tuƙi a cikinmu. Ta ina za mu fara, kuma tsibiri nawa za mu iya gani?*

Malam, biza ce farko. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, ta kuma koma amfani da Yuro, don haka bizar Shengen za ku nema, da inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Ana karɓar takardu tun ana saura wata shida tafiya. Kada ku biya kafin alƙalamin jirgi sai kun karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan aka hana biza.

Hayar jirgi a can daga Asabar ce zuwa Asabar. A miƙa muku shi da yammacin Asabar a Split ko Trogir, garuruwan bakin teku, ku dawo da shi yammacin Juma'a, ku kwana a ciki, ku fita da safe. Ka ga kwana shida ne na tafiya, ba bakwai ba. Dokar ƙasar ba ta yarda a bai wa marar lasisin tuƙi da takardar rediyo hayar jirgi ba, sai ku ɗauki matuƙi. Ladansa yakan kama wajen Yuro 150 zuwa 200 a rana, cinsa na wuyanku, kuma shi ma yana buƙatar makwanci. Nan ne mutane ke yin kuskuren lissafi: jirgi mai ɗaki huɗu ya ishi mutum takwas, amma ku tara ne. Ko dai matuƙi ya kwana a falo, wanda zai takura matan gidan, ko ku ƙara kuɗi ku ɗauki katamaran, wato mai ciki biyu kamar an haɗa kwale-kwale biyu, da ke da ɗan ɗakin matuƙi daban. Ga iyali irin naku mun fi son na biyun.

Batun yawan tsibirai kuwa, ku rage buri. Irin wannan jirgi yana cin mil biyar zuwa shida na teku a awa, kowane mil kuma mita 1,852 ne, wato gudun keke. Tafiyar awa uku zuwa huɗu a rana ta isa. Daga Split ku sauka Milna a tsibirin Brach, kimanin mil 10. Kashegari Stari Grad a tsibirin Hvar, garin da Girkawa suka kafa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga nan tsibirin Vis, wanda a da sansanin soja ne da aka hana baƙi shiga har 1989, abin da ya sa gine-ginen zamani ba su cinye shi ba. Ku kwana biyu a can, ku juyo ta tsibirin Sholta. Huɗu ke nan. Tsibiran Korchula da Mljet da birnin Dubrovnik na wata tafiyar ne. Masu cusa su duka cikin mako guda a kan inji suke wuni, su isa gari da duhu, ba iyo, ba yawo, sai ƙarar dizal.

Kuma duk abin da muka zana ɗin nan, iska ce ke da maganar ƙarshe a kansa. Guda uku za ku ji matuƙi na ambata. Maestral ita ce abokiyar tafiya: daga arewa maso yamma take, ta taso da hantsi, ta yi ƙarfi bayan azahar, ta kwanta kafin magariba. Jugo daga kudu maso gabas take, tana taruwa a hankali cikin kwana ɗaya ko biyu, da gajimare da manyan igiyoyin ruwa. Idan ta taso ana rufe Shuɗin Kogo da ke tsibirin Bishevo kusa da Vis, domin ƙofarsa ƙanƙanuwa ce. Bura ce abar tsoro, busasshiyar iska mai sanyi da ke gangarowa daga duwatsun gaɓa babu sallama. In matuƙi ya dubi kan dutse ya ga farin gajimare ya zauna masa kamar hula, ya ce yau ba fita, kada a yi masa gardama don an biya kuɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya: *Ko a mota ina amai. Zan iya?*

Za ki iya, 'yar'uwa. Jirin yana zuwa ne idan kunnen ciki ya ce ana motsi, ido kuma ya ce ana zaune. Saboda haka muddin ana tafiya ki zauna a waje, tsakiyar jirgi, idonki a kan inda sama ta haɗu da ruwa. Ban da duba waya, ban da sauka ɗaki. Maganin jiri irin su sinarizin ana shan sa awa biyu kafin a tashi. Bayan zuciya ta fara tashi ya makara, kuma yana sa barci. Ki ci abu kaɗan marar maiƙo, kada ki fita da yunwa. Yawancin mutane jikinsu kan saba a kwana na biyu ko na uku.

Daga wata uwa a Kano: *Yarana biyu sun koyi iyo a kwamin wanka na otal, ni kuwa ban iya ba sam. Ya abin yake a teku? Kuma ina jin tsoron abin da idanunsu za su gani a bakin ruwan Turawa.*

Hajiya, ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum, kuma a Yuli da Agusta ɗuminsa kan kai digiri 24 zuwa 26. A Mayu yana da sanyin da yaro ba zai jima ciki ba. Yuni da Satumba su ne daidai, ga sauƙin cinkoso. Bambancinsa da kwami shi ne babu bango, babu inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Inda ake sakin anga zurfin yakan kai mita biyar zuwa goma, kuma ruwan garau yake har ki ga duwatsun ƙasa ki ɗauka kusa suke.

Kafin kowa ya faɗa ruwa a kashe inji, a tabbatar anga ta kama, a saukar da tsani. Wannan na tsani ba ƙaramar magana ba ce, domin gefen jirgi ya fi ƙarfin a hau shi da hannu daga cikin ruwa. A saki doguwar igiya a baya da abu mai yawo a kan ruwa ɗaure a ƙarshenta, don wanda ruwa ya fara ja ya samu abin kamawa. Babba ɗaya ya tsaya a sama yana ƙirga kawuna, ba ya riƙe da waya. Ke da yaran ku sa rigar ceto. Ki rubuta wa kamfanin nauyin kowane yaro tun kafin ku iso, domin rigar manya kan zame wa yaro ta ka. Lambar masu ceto a teku 195 ce, a rediyo kuma tasha ta 16.

Ku sayi takalman roba na shiga ruwa. Bakin ruwan can tsakuwa ce da dutse, yashi kaɗan ne, kuma a jikin duwatsun akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya. In aka taka, ƙayar karyewa take a cikin fata. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, a cire wadda ta fito da hantsaki, kada a tona da allura.

Tsoronki na biyu yana kan hanya. Duk inda kuka ga an rubuta FKK, wurin masu wanka tsirara ne, kuma tsibirin Jerolim da ke gaban garin Hvar ya yi suna a kan haka. Shi kansa garin Hvar na masu raye-rayen dare ne a lokacin bazara, shi ya sa muka zaɓa muku Stari Grad. Alfanun jirgin kanku ke nan: ki faɗa wa matuƙi tun ranar farko cewa lungu marar jama'a kuke so. Doguwar rigar iyo mai rufe jiki kuma ki taho da abarki daga gida.

Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: *Abinci fa? Da salla?*

Alhaji, ka riƙe kifi ka huta. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kuma abin da suka fi gwaninta a kai ke nan. A ƙananan gidajen abinci da suke kira konoba ka nemi gasasshen kifi da man zaitun, tare da blitva, wani ganye mai kama da alayyafo da ake dafawa da dankalin turawa da tafarnuwa. Da kilo ake sayar da babban kifi, don haka a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin kafin ya hau wuta. Peka kuwa sai an yi oda tun da awa uku ko fiye: a zuba dankali da nama ko oktofus, mai hannu takwas ɗin nan, a faranti, a kife da murfin ƙarfe, a binne da garwashi wajen awa biyu. Ka zaɓi ta oktofus, tunda naman tsibirai ba yankan Musulmi ba ne.

Tarkon yana cikin miya. Prshut da pancheta naman alade ne, wannan a fili yake. Amma giya na shiga tukunya ba a faɗa: miyar naman sa da ake kira pashtitsada, da farfesun kifin Hvar da ake kira gregada, da baƙar shinkafar da ake rinawa da tawadar kifi, har ita pekar wani lokaci. Ka haddace "bez vina", ba giya, da "bez svinjetine", ba alade. Ka yi sayayyar mako a Split, domin shagunan tsibiri ƙanana ne kuma sun fi tsada. Yaji da kuka ka zo da su. Kilishi da man shanu ka bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje.

Alƙibla kudu maso gabas take. Jirgin da ke kan anga juyawa yake da iska, sai ka sake dubawa kafin kowace kabbarar harama. Alwala da ruwan teku ta halatta. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, asuba kuma da wuri ƙwarai.

Daga wata ɗaliba a Abuja: *Me ya fi ba sababbin shiga mamaki?*

Ruwa da bayan gida. Tankin jirgi lita ɗari uku zuwa shida ne, na mutum tara, har da wanke-wanke. A jiƙa jiki, a rufe famfo, a sa sabulu, a ɗauraye. Ana sake cikawa a marina, wadda ba ta rini ba ce, haka suke kiran matsayar ƙananan jirage, kuma a Agusta wanda bai kama wuri ba kafin la'asar a waje zai kwana. Bututun bayan gida bai fi kaurin yatsa biyu ba; takarda ko auduga ɗaya ta toshe shi, a cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyar da kuka bar wa kamfanin haya. Buta ta raba gardama. Kaya kuma a jaka mai naɗewa, domin akwatin taya ba shi da wurin zama a ɗakin da gado ya cinye kusan dukansa.