Likita, lemon da aka canja wa ƙwayar halitta zai cutar da ni?

Tambaya: Likita, na ji wai ana sa wa itacen lemo ƙwayar halittar alayyahu. In na sha ruwansa ba zai taɓa lafiyata ba?

Amsa: Malama, abin da kika ji haka yake. A 2005 aka gano cutar huanglongbing a gonakin lemo na jihar Florida a Amurka. Bakteriya ce ke kawo ta, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye ke yaɗa ta, kuma itacen da ta kama ba ya warkewa: 'ya'yansa su tsumbure, su yi ɗaci, su ƙi nuna. Shi ne masu bincike suka ɗauko ƙwayar halittar da alayyahu ke kare kansa da ita, suka gwada ta a lemo. Cikinki narkar da ita yake yi kamar ta kowane ganye, ba ta shiga halittarki.

Inda ni ma nake sa ido shi ne borin jini. A 1996 an bayyana cewa waken suya da aka sa wa ƙwayar halittar wani ƙwallon itace na Brazil ya gaji furotin ɗin da ke tayar wa wasu mutane bori. Tun a gwaji aka kama shi, bai kai kasuwa ba. Saboda haka kowane sabon iri sai an auna shi da kansa.

Tambaya: Bakteriyar da ke kashe itacen tana kama mutum?

Amsa: A'a, Malam. A jijiyoyin tsiro take rayuwa. Ɗaci kawai za ka ji.

Tambaya: Ranka ya daɗe, me zai hana a yi feshin magani a bar halittar itacen yadda take?

Amsa: Ai ana yi, kuma nan ne hankalina ya fi tashi a matsayina na likita. Tun shekarun 1950 ake fesa wa tuffa streptomycin saboda wata bakteriya mai ƙone rassa, kuma a farkon shekarun 1970 aka ga ta soma bijire masa. A 2016 kuma aka ba manoman lemo na Florida izinin gaggawa su fesa shi tare da oxytetracycline. Waɗannan fa magungunan asibiti ne. Streptomycin da shi aka fara maganin tarin fuka. Bakteriya kuma na miƙa wa juna dabarar bijirewa, har tsakanin jinsi daban-daban. In aka ba ni zaɓi, gara itacen da aka auna, mai kare kansa, da a riƙa watsa maganin marasa lafiya a gona kowace shekara.