Tambayoyinku: Me ya sa dawakan tseren yanzu ba sa daɗewa a fili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai son doki ne tun ina yaro, har yau akwai turke a gidanmu, kuma ina yawan kallon tseren dawakan Amurka a waya. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, doki zai yi suna ka fara sonsa, kafin ka ankara an ce ya yi ritaya, wani ma sau shida kawai ya fita. Dawakan ne suka lalace ko masu su ne ke lallaɓa su? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya bar mana turken nan. Gaskiya idonka bai yi maka ƙarya ba. Ƙungiyar Jockey Club da ke ajiye lissafin irin dawakan da ake kira Thoroughbred a Amurka ta nuna cewa a 1960 doki ɗaya kan fita tsere wajen sau 11 a shekara, yanzu kuwa abin ya dawo kusan sau 6. Citation, dokin da ya cinye manyan tsere uku na Amurka da ake kira Triple Crown, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont, a 1948, sau 20 ya fita a wannan shekarar kaɗai ya ci 19. Wani dokin, Seabiscuit, sau 89 ya fita a rayuwarsa. To ga Justify da ya ci Triple Crown a 2018, duka-duka sau 6 ya yi gudu aka maida shi barga, shi ma Flightline sau 6 ya yi gudu aka ajiye shi a 2022.

Ni a ganina kuɗi ne kan gaba, kuma a nan nake so ka tsaya ka duba da kyau. Ingarman da ya yi suna, kuɗin da yake kawowa a barbara ya ninka na tsere nesa ba kusa ba. Flightline da aka ajiye shi dala 200,000 aka sa wa duk goɗiyar da za a kawo masa, ga shi ingarma ɗaya yana iya hawa goɗiya sama da 100 a shekara, alhali tserensa na ƙarshe, Breeders' Cup Classic, kuɗin da aka sa gaba ɗaya dala miliyan 6 ne kuma ba mai na ɗaya ne zai kwashe duka ba. To wane mai doki ne zai sake sa shi a fili ya je ya karye, ko a wuce shi darajarsa ta faɗi? Shi ya sa za ka ga waɗanda aka yi wa fiɗiya su ne ke daɗewa, John Henry sau 83 ya fita, yana gudu har yana shekara 9, don ba shi da wata kasuwa sai filin.

Amma maganar jini ma tana nan, ba zan ɓoye maka ba. Duk dawakan nan asalinsu daga ingarmu uku ne da aka kai Ingila shekara 300 da suka wuce, Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, sannan daga baya jinin Northern Dancer, wanda ya ci Kentucky Derby a 1964, ya mamaye kusan ko'ina. Dangi na ta auren dangi ke nan. Kuma masu kiwo da yawa yanzu don kasuwa suke yi ba don su yi tsere da kansu ba, a wajen gwanjon 'yan shekara biyu sai a sa dukushi ya zura mita 200 cikin sakan 10 masu saye na riƙe da agogo, wanda ya fi sauri shi ne mai tsada, ba a tsaya tambayar ko ƙafar za ta kai shekara biyar ba. Abin da ya fi damuna shi ne dokin da ciwon ƙafa ya fitar da shi fili da wuri, shi ne kuma za a kai wa goɗiyoyi ɗari ya baza irinsa.

Ka kwatanta abin a ranka. Dabba mai kilo 500 tana gudun kilomita 60 a awa, kuma a kowane taku akwai lokacin da nauyin nan gaba ɗaya yake sauka kan ƙafar gaba guda ɗaya, ƙashin ƙwaurin ka ga siririnsa ai. Ƙananan tsagewa ne ke taruwa a ƙashin a hankali ba a gani, doki na cin dusarsa lafiya lau, ran nan kawai sai ya ɓalle. Karaya a fili kuwa abin tsoro ce, dubi goɗiyar nan Eight Belles a Kentucky Derby na 2008, ta zo ta biyu, ta wuce layi tana rage gudu sai ƙafafun gaban duka biyu suka karye, a nan filin aka yi mata allurar mutuwa jama'a na tsaye. Wallahi duk mai son doki in ya ga wannan sai jikinsa ya yi sanyi.

Sai magani. An daɗe a Amurka ana yi wa doki allurar Lasix ranar tsere don rage zubar jini a huhu, tana sa shi fitsari sosai ya zubar da ruwan jiki, shi ya sa mutane da yawa ke ganin tana cikin abin da ke ja masa dogon hutu. Su ma masu horarwa suna tsoron lissafin nasarorinsu ya ɓaci, gara su jira tseren da suke ganin za su ci. Amma in kana son shaidar cewa irin bai mutu ba, dubi Winx ta Ostireliya, sau 43 ta fita ta ci 37, 33 daga ciki a jere, sai 2019 ta ajiye gudu.

TAMBAYA: To rage fita ɗin ya sa sun daina karyewa? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama mutuwa a fili ta ragu a Amurka, daga doki 2 cikin kowace fita 1,000 a 2009 zuwa 1.32 a 2023, sai dai ni na fi danganta wannan da tsananta binciken likitoci kafin tsere, da gyaran ƙasar fili, da hukumar HISA mai sa ido kan lafiyar dawakan tsere da ta fara aiki a 2022, musamman bayan dawakai 30 sun mutu a filin tseren Santa Anita da ke Amurka a kakar 2019. Hutu kaɗai ba ya ƙarfafa ƙashi, shi ƙashi da aiki yake ginuwa in an bi shi daki-daki tun doki na ƙarami. Kuma fitar dai ba ta ƙaru ba, a 2025 Sovereignty ya ci Kentucky Derby, masu shi suka ƙi kai shi Preakness da ke zuwa bayan sati biyu, suka jira sati biyar sannan ya fito ya ci Belmont.