Tambaya da Amsa: Garin alawa mai kumfa ya dunƙule mini a kwalba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanen maigidana ya dawo daga Ingila ya kawo wa yara wata alawa, farin gari ne a 'yar takarda, ana dangwala da alawar tsinke. Da ya taɓa harshe sai ya hau kumfa yana tsikarin baki. Shabet suke ce masa. Tun da ya ƙare yaran suka hana ni sakat. Na ga yadda ake haɗawa a waya, da sukari da bekin soda da sitirik asid. Na haɗa, na matsa lemon tsami kaɗan, na ɗiga kalar kek don ya yi kyau, na zuba a kwalba. Washegari na tarar ya dunƙule ya yi tauri, babu kumfa, ga ɗanɗanon sabulu. Ina na kuskure? Daga wata uwa, Unguwar Dosa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kayan da kika sayo su ne, ba a nan matsalar take ba. Lemon tsamin da kika matsa da kalar da kika ɗiga su suka ɓata miki aiki, damina kuma ta ƙarasa abin da ya rage.

Sitirik asid, wato farin garin nan mai tsami irin na lemon tsami, da bekin soda, muddin suna bushe, sai su yi wata da watanni a kwalba ɗaya babu wanda ya kula wani. Sai sun narke a ruwa suke haɗuwa. Da sun haɗu abu uku ke fitowa: wani gishiri da ake kira sodiyam sitiret, da ruwa, da iskar kabon dayoksaid, wato gas ɗin nan na cikin lemon kwalba. Dabarar alawar gaba ɗaya ita ce a hana su ganin ruwa sai a bakin yaro, yawunsa ya zama shi ne lemar farko da ta taɓa su. Ke kuwa kin shayar da su tun a kwano. Gas ɗin ya fice cikin dare kuna barci, ya bar miki sukari da gishiri a manne.

Ki sake duba na biyu cikin abubuwa ukun nan. Haɗuwar ita kanta tana haifar da ruwa. Ɗigo ɗaya ya narkar da ɗan kaɗan, ɗan kaɗan ɗin ya fitar da sabon ruwa, sabon ya narkar da na kusa da shi, a haka har kwalbar ta tafi duka. Shi ya sa "ai ɗan ɗigo na sa" ba ya ceton kowa a wannan aiki. Cokali mai lema ma ya isa. A watan Agusta kuwa a nan Kaduna, lokacin da gishirin miya ke jiƙewa shi kaɗai a roba, ashana ta ƙi kamawa, danshin da ke iskar ɗaki ya isa ya tayar da aikin ko ba ki ɗiga komai ba. In son samu ne, hunturu ne lokacin wannan alawa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina ki haɗa iya wanda za a lashe ranar, a wuce wurin.

Ɗanɗanon sabulun kuma daga awo ne, soda ta yi yawa. A lissafi, giram 10 na sitirik asid yana cinye kusan giram 13 na bekin soda. Duk sodar da ta haura abin da asid zai iya cinyewa tana nan zaune, ita ce mai santsi da baurin nan a harshe. Mu kuma ba kunnen doki muke so su yi ba, so muke asid ya yi saura don a ji tsami. Awon da nake bi ke nan: garin sukari na kek babban cokali 6, sitirik asid ƙaramin cokali 1, bekin soda rabin ƙaramin cokali. A shafe cokalin, kada a yi masa tozo. Rabin cokalin sodar nan kada ki raina shi, iskar da ke fita daga cikinsa ta haura rabin lita.

Sitirik asid yakan zo da tsaki-tsaki irin na sukarin shayi. In kika bar shi haka, yaro zai ci karo da ƙwaya guda ta ƙona masa harshe da tsami, wani gefen kuma soda zalla. Ki daka shi shi kaɗai a busasshen turmi, ko ki niƙa a ƙaramin kofin bilenda na kayan yaji, har ya zama gari. Sai ki haɗa duka ukun ki tankaɗe a rariya mai laushi, ki sake tankaɗewa. Ki ɗiba kaɗan a bayan hannu ki lasa. In tsamin ya buge ki, ƙara sukari. In kin ji santsi, ƙara asid kaɗan. Don ƙamshi da kala, busasshen abu kawai: garin lemon leda da ake jiƙawa, ko zoɓo da ya bushe ƙayau aka niƙa aka tankaɗe, ko 'yar citta. Ni na zoɓon na fi so, da ɗan garin citta a bakin cokali.

Ajiya a kwalbar gilas mai murfin da ke ɗaurewa tam, a kabad nesa da murhu. Ban da firij. Da an fito da kwalbar, ko an ɗauke wuta, sai ta yi gumi, kin koma gidan jiya. Kada kuma ki ce za ki gasa sodar a kasko don ta bushe, zafi yana fasa ta ya kore rabin gas ɗin, ta koma soda ash ta masu sabulu.

Tunda na ambaci masu sabulu, wannan ki riƙe shi da kyau. A shagunan kemikal na Kasuwar Sheikh Gumi da sauran kasuwanninmu, inda mata ke sayen kayan haɗa sabulun ruwa, akwai fararen gari har kala uku da ake kira soda, ana kuma ƙulla su a farar leda babu rubutu. Bekin soda ita ce sodiyam bayikabonet, ita ake ci. Soda ash ta wanki ce. Kostik soda kuwa guba ce, tana cinye fatar baki da maƙogwaro, akwai yaran da suka haɗiye ta hanyar abincinsu ta tsuke har sai da aka yi musu aiki. Ki sayi taki wurin masu kayan kek, a gwangwani ko fakiti mai suna da lambar NAFDAC. Lambar bekin soda a jikin kayan abinci E500(ii) ce, ta sitirik asid E330. Ki tabbatar asid ɗin na abinci ne, in kin samu wanda aka rubuta "anhydrous" ya fi, shi ne wanda babu ruwa a cikin ƙwayarsa. Bekin fauda kuma ba bekin soda ba ce, tana da nata asid da sitaci a ciki, za ta rikita miki awo.

Sai batun haƙori, wanda a kansa ba na sassauci. Kin san yadda haƙora ke mutuwa in an sha tsamiya da yawa. Farin rufin haƙori yana fara zaizayewa da zarar tsamin baki ya ƙaru har lambar pH, ma'aunin tsami, ta sauka ƙasa da 5.5, wannan gari kuma asid ne da sukari a haɗe, ana lasarsa a hankali. Ki ba su bayan abinci, cokali ɗaya ko biyu, su kuskure baki da ruwa, kada su goge haƙori sai bayan rabin awa ko fiye. Ƙaramin yaro da bai iya lasa a hankali ba kada a ba shi, gari ne mai tashi, zai ƙware.

TAMBAYA: Malama, mu da muka tashi da tsamiya da kanwa, ba za su yi wannan aikin ba sai an sayo na kanti? Daga wata Hajiya, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kin riga masu litattafai sanin abin. Kumfar da ke tasowa in kin jefa kanwa a tukunyar yakuwa don ki kashe tsaminta, ita ce dai wannan kumfar, gas ɗin ma ɗaya ne. Amma alawa ba za ta yiwu da su ba, kuma kowanne da dalilinsa.

Tsamiya tana da asid mai ƙarfi, tatarik asid, wanda shi ma ana sa shi a irin wannan alawa a ƙasashen waje. Sai dai naman tsamiya mai danƙo ne, ko ta shekara a rumbu ba ta rabuwa da lema, ba za ta daku ta zama gari ba. Kanwa kuwa, wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Nijar, ba abu ɗaya ba ce. Akwai bekin soda a cikinta, akwai sodiyam kabonet, wato soda ash, wanda ya fi ta kaifi nesa, ga gishiri, ga yashi. Ungurnu daban, jar kanwa daban, ko dunƙule biyu daga buhu ɗaya ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. A miya ba komai, ruwa da yawa ya tsinka ta. A busasshen gari kai tsaye kan harshen jika, a'a.

Abin gida da zai shiga shi ne farin garin 'ya'yan kuka, wanda ake kwalba da nono da shi. Shi a bushe Allah ya yi shi tun a cikin ɓawonsa, yana da tsami, yana da bitamin C. A awon da na bayar a sama, ki cire babban cokali 2 na sukari ki mayar da shi a gurbinsu. Tsaminsa kaɗai ba zai ba ki kumfa mai ƙarfi ba, sitirik asid ɗin dai sai ya shiga, amma ɗanɗanon ya fi na Ingilan a bakina.

TAMBAYA: Malama, ina koyar da kimiyya a aji 6 na firamare, ba mu da ɗakin gwaji. Zan iya nuna wa ɗalibai wannan a aji? Wani yaro kuma ya tambaye ni ko daga lemon tsami ake tatso sitirik asid. Daga wani malami, Rigasa.

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari. Lokacin da nake koyarwa a sakandare da wannan nake buɗe darasin asid, don ba ya bukatar komai sai gorar ruwa da balan-balan. Ka zuba ruwa kaɗan a gora, ka narkar da ƙaramin cokali 1 na asid. Ka ɗura ƙaramin cokali 1 na soda a cikin balan-balan, ka ɗaura bakinsa a bakin gorar, sannan ka ɗaga shi garin ya zube ciki. Zai kumbura a gabansu, sama da lita guda ta iska. Kada ka taɓa rufe gorar da murfinta.

Sai ka sa su taɓa gindin gorar. Za su ji sanyi, nan ne ajin zai kaure da surutu, don yara sun ɗauka duk abin da ke tafasa zafi ne da shi. Wannan haɗuwa zuƙe zafi take yi daga abin da ke kewaye da ita, shi ya sa alawar ma take da ɗan sanyi a harshe. In kana da ruwan zoɓo mara sukari, raba shi kofi biyu. Sa asid a ɗaya, zai ƙara ja. Sa soda a ɗayan, zai dushe ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Mai haɗa alawa ma za ta iya gwada garinta da wannan: in ta zuba a zoɓo kumfa ta kwanta jan yana nan, awonta ya yi.

Yaronka ya yi tambayar kirki. Daga ruwan lemon tsami aka fara ware shi, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya yi haka a 1784, aka kuma daɗe ana dogaro da lemon Italiya. A 1917 James Currie a Amurka ya nuna cewa wata baƙar fumfuna mai suna Aspergillus niger tana fitar da shi in an ciyar da ita sukari, kamfanin Pfizer ya fara yin sa haka a 1919. Yau kusan duk wanda ke kasuwa ta wannan hanya ake yin sa, mafi yawa a ƙasar Sin.

TAMBAYA: Anti, na ga garin alawar nan yana kumfa irin ta Andrews, maganin ciki na kemis. In ƙwannafi ya taso wa mahaifina zan iya jiƙa masa? Yana da hawan jini. Daga wani ɗalibi, Kawo.

AMSA: A'a, ɗana. Kumfar iri ɗaya ce, awon ne ya bambanta. Na kemis an auna shi don ya kashe tsamin ciki, namu da gangan muka bar asid ya yi rinjaye, ƙara masa ƙwannafin zai yi. Ga kuma sodiyam: rabin ƙaramin cokalin sodar nan yana ɗauke da sama da miligiram 600, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 a yini. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda, na kemis ɗin ma ya tambayi likita kafin ya sha. In ƙwannafin yana yawan dawo wa Baba, ka raka shi asibiti a duba shi.