Rashin Aiki da Wasannin Waya: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 24 ya kammala bautar ƙasa, yau shekara biyu ke nan bai samu aiki ba. Kwana yake yi yana buga Ludo da abokansa a waya, asuba ma sai na yi ta dukan ƙofa. Ciwo ne ko lalaci? (Wata uwa daga Aboabo, Kumasi)

Amsa: Hajiya, ba na saurin kiran wannan lalaci. Ban da albashi, aiki ne yake yanka wa mutum lokacin tashi, ya haɗa shi da jama'a, ya kuma ba shi abin da zai nuna ya ce shi ya yi. Idan aka rasa duk wannan, wasan waya ne mafi arahar abin da ke cike gurbin, domin saurayin da ya kai takardunsa ofis goma ba a ko kira shi ba, cikin minti biyar waya za ta ce masa ya ci. An kuma tsara wasannin ta yadda ba a sanin lokacin da nasara za ta zo, wannan rashin tabbas kuwa yana motsa sinadarin dofamin, mai sa mutum marmarin ƙari, a ƙwaƙwalwa, shi ya sa "bari in ƙara ɗaya" ke kai mutum har kiran assalatu.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar irin waɗannan wasanni cikin jerin cututtuka, amma yawan awoyi kaɗai bai isa hujja ba. Sai mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi hakan ya kai wata 12. Abin da ya fi damuna shi ne ciwon damuwa da kan ɓuya a bayan wayar. Idan ya rage cin abinci, ya daina wanka, ya janye daga majalisar abokai, ko yana cewa rayuwarsa ba ta da amfani, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi ba tare da jinkiri ba. Ƙwace waya kuwa rigima kawai yake haifarwa. Gara a sama masa dalilin fita da ƙarfe bakwai na safe, ko tsaron shagon kawunsa ne a kasuwar Kejetia, ko koyon gyaran mota a Suame, ko da abin da zai samu bai wuce kuɗin mota ba.

Tambaya: Tun da aka sallame ni daga aiki nake wuni a kan wasa. Yanzu idanuna na yaji, babban yatsana yana ciwo. (Wani matashi daga Asawase)

Amsa: Ɗana, mai ƙura wa waya ido ba ya ƙiftawa yadda ya kamata, sai idon ya bushe. Duk bayan minti 20 ka kalli wani abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20. Yatsan kuma jijiya ce ta gaji, hutu take so. In ciwon ya wuce mako biyu ka je a duba.

Tambaya: Maigidana ba ya aiki, ya ce wasan jirgin nan na waya da ake sa kuɗi ta MoMo (asusun kuɗi na waya) sana'a ce. Jarina na waina ya fara taɓawa. (Wata matar aure daga Sabon Zango)

Amsa: 'Yar'uwa, a kira abu da sunansa: caca ce. An gina lissafinta ne yadda kamfani ke cin riba a ƙarshe, kuma babbar alamar kamuwa ita ce mutum ya sake zuba kuɗi don ya fanshe wanda aka cinye masa. Na sha ganin magidanta sun zo mini da hawan jini da rashin barci, sai da hira ta yi nisa bashin caca ya fito. Ki sauya lambobin sirrin MoMo ɗinki yau, kada ki biya masa bashi a ɓoye, sannan ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, ya rako shi asibiti.