Gasar tsere uku bayan tiyata: likita na amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, makonni biyar ke nan da aka yi mini aikin ƙaba a cibiya, wurin ya rufe sarai. Na riga na biya kuɗin shiga gasar Ironman ta Afirka ta Kudu, saura wata huɗu. Zan iya?

Amsa: Malam, bari mu fara duba nauyin da kake shirin ɗauka. Cikakkiyar Ironman ninƙaya ce ta kilomita 3.8, a fito a hau keke kilomita 180, a sauka a yi gudun kilomita 42.2, duk a yini guda, galibi cikin awa 17. Mai lafiya garau ma yakan yi wata shida ko fiye yana atisaye kafin ya tunkare ta.

Rufewar fata ita ke ruɗin mutane. Fata tana haɗewa cikin kwanaki, amma farin tantanin da ke ƙarƙashin tsokar ciki, wanda shi ke riƙe da hanji, a hankali yake ƙwari. A mako na uku ɗinki bai wuce kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa na asali ba. Sai wajen wata uku yake kaiwa kusan kashi 80, kuma daga nan ba ya ƙara wani abin kirki. In ka matsa masa da wuri, zaren ko ragar da aka sa na iya saki, ƙabar ta dawo, aiki na biyu kuwa ya fi na farko wuya.

Yanzu tafiya ce taka, minti 30 zuwa 45 kullum. Daga mako na shida, in wanda ya yi maka aikin ya duba ya amince, ka hau keken da ake tuƙawa a tsaye wuri guda, minti 20, kana zaune a miƙe. Kada ka kwanta a kan kan keke irin na 'yan tsere tukuna, wannan duƙawar tana matse ciki. Gudu ya biyo baya wajen mako na takwas zuwa goma, minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya. Ka ƙirga da kanka: atisaye na gaske bai fi wata biyu da rabi zai rage maka ba. A ganina bana ba taka ba ce. Ka tuntuɓi masu shirya gasar kan ɗage rajistarka, ka auna kanka da gajeren zango irin na Olamfik, wato ninƙaya kilomita 1.5, keke 40, gudu 10.

Tambaya: An cire mini afendis ta ƙananan huji kwana 12 da suka wuce. A dam nake ninƙaya. Yaushe zan koma ruwa?

Amsa: Ba ƙirgen kwanaki kaɗai ake bi ba, wurin ake dubawa. Sai an cire zare, ɓawon ciwon ya faɗi don kansa, babu ruwa ko mugunya, babu ja da zafi a gefensa. Hujin cibiya shi ya fi jinkiri, domin yana tara danshi. Yawanci mako uku zuwa huɗu ne kafin a shiga kwamin wanka mai tsafta. Filasta mai hana ruwa ta wanka ce, ba ta jure awa guda ana miƙa jiki. Dam kuwa ko babu ciwo ina da ja a kansa: ruwan kwance da dama a ƙasarmu na ɗauke da tsargiya, kuma tsutsarta ta lafiyayyar fata ma take shiga. In ka daɗe kana shiga, ka kai fitsari da bayan gida a auna.

Tambaya: Mako goma da aikin jijiyar cikin gwiwa, wadda ake kira ACL. Ba na jin ciwo. In fara gudu?

Amsa: Hajiya, a dakata. A daidai wannan lokacin sabuwar jijiyar da aka dasa tana sake ginuwa, ba ta yi ƙarfi ba, ga shi ba ta ciwo balle ta gargaɗe ki. Ba a fara gudu kafin mako 12, kuma da sharaɗi: gwiwa ta miƙe sosai, babu kumburi, ƙarfin cinyar ya kai aƙalla kashi 70 na ɗaya ƙafar in likitan fisiyo, wato mai kula da motsa gaɓoɓi, ya auna. Keke abokinki ne, ki ɗaga sirdin kaɗan, ki sa giya mai sauƙi. A ruwa ki guji bugun ƙafa irin na kwaɗo, yana murɗa gwiwa. Washegarin kowane atisaye ki duba: in ta kumbura, kin wuce gona da iri.

Tambaya: Wurin aikin yana ɗan damuna in na yi nisa. In sha diclofenac ko tramadol ranar gasar?

Amsa: A'a, duka biyun. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a haɗa da gumin awa goma cikin rana, ƙoda na iya tsayawa, kuma suna ƙara haɗarin faɗuwar gishirin jini da zubar jini a ciki. Tramadol yana kawo jiri da gyangyaɗi, mutum kuma yana gangara a kan keke. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Ciwon da sai da ƙwaya za ka gama tsere, likitan da ya yanka wurin ya kamata ya fara gani.

Tambaya: Mako uku bayan tiyata, sha-raɓata ta hagu ta kumbura tana zafi. Na ɗauka jijiya ce ta harɗe a keke. Jibi zan hau jirgi.

Amsa: Kada a matsa wurin, kada a gasa shi, ka tafi asibiti yau a yi hoton jijiyoyin ƙafar. Kumburin ƙafa ɗaya bayan tiyata gudan jini ake fara zargi, haɗarinsa ya fi yawa a makonni shida na farko, kuma doguwar zama a jirgi tana ƙara shi. In gudan ya ɓalle, huhu yake nufa. Da ka ji numfashi na sarƙewa, ko ƙirji na suka, ko tari da jini, a kai ka sashen gaggawa nan take. Tikitin jirgin ya jira sakamakon hoton.