Me ya sa 3x + 2y ba ya zama 5xy?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar JSS 2 ce a Argungu. An ba mu 5x + 3y − 2x + 7 aka ce mu faɗi "tam" nawa ne a ciki, na kasa. Kuma na rubuta 3x + 2y = 5xy, malaminmu ya soke. Ina kuskuren?

Amsa: Ɗiyata, abin da ake kira tam a aji, ki ɗauke shi kamar gaɓar rake. Alamar tarawa da ta ɗebewa ne kaɗai ke yanka gaɓa. A lissafinki gaɓoɓi huɗu ne: 5x, +3y, −2x, +7. Ninkawa da rabawa ba sa yankawa, don haka 4xy gaɓa ɗaya ce, x/2 ma haka. Ko 2(x + 3) ɗaya ce, sai an buɗe baka ta koma 2x + 6.

Lambar da ke gaban harafi ita ce koefishan: 5 a 5x. Idan x na tsaye shi kaɗai, 1x ake nufi. Shi kuwa −y, −1y ne. Lambar da ba ta da harafi, kamar 7, ita ce konstan.

Inda yawancin ɗalibai ke faɗuwa shi ne alama. Kowace alama ta gaɓar da ke biye da ita ce, duk inda gaɓar ta tafi da ita za ta tafi. In kika jawo 2x kusa da 5x kika bar − a baya, sai ki samu 7x, alhali 5x − 2x ne, wato 3x. In aka haɗa su, lissafinki ya koma 3x + 3y + 7, kuma nan ake tsayawa.

Sai na biyun. Ana haɗa gaɓoɓi ne kawai idan harafinsu ɗaya, ƙaramar lambar da ke samansu ma ɗaya, shi ya sa x da x² ba sa haɗuwa. Ki ce x kuɗin mudun shinkafa ne, y kuɗin kashin albasar Aliero. Mudu uku da kashi biyu kuɗinsu 3x + 2y ne. Shi kuwa xy kuɗin shinkafa ne sau kuɗin albasa, abin da ba wanda ya taɓa biya a kasuwa.

In kina shakka a ɗakin jarrabawa, ki gwada da lamba a gefen takarda. Sa x = 2, y = 3: 3x + 2y ya ba da 6 + 6, wato 12, 5xy kuwa 30. Ki guji gwadawa da 0 ko 1, suna iya ɓoye kuskure; a nan x = 1, y = 1 zai ba ki 5 ta kowane ɓangare.