Kamara mai madubi ko marar madubi: wacce ta dace da mai hoton biki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton biki da suna a Tawa da Canon 2000D. Na tara jika 500, abokan sana'a kuma na ta cewa zamanin DSLR, wato kamara mai madubi, ya wuce, in koma mirrorless, marar madubi. Mene ne bambancinsu a wurin aiki? Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin DSLR akwai madubi da ke tura haske zuwa tagar leƙe, da ka danna sai ya ɗaga, haske ya faɗa kan sansa, wato ɓangaren da ke kama hoton. Mirrorless ba ta da madubin; abin da kake gani a tagar ƙaramin allo ne da ke nuna hoton kamar yadda zai fito.

Wannan allon ne babbar ribarta. Ango sanye da farar shadda, fuskarsa baƙa, rana tsaka: mai DSLR sai ya ɗauka ya duba, ya ga shadda ta ƙone fari fat babu ɗinki babu zane, ko fuska ta nutse cikin duhu, sannan ya gyara. Mai mirrorless tun kafin ya danna yake ganin matsalar, ya rage haske nan take. Kamarar kuma tana saita hoto a kan idon mutum tana bin sa, ko amarya na tafe cikin ƙawaye.

Amma akwai batiri. Bisa ma'aunin kamfani, Canon 80D mai madubi na ɗaukar hoto wajen 960 a caji ɗaya, EOS RP marar madubi kuwa wajen 250, domin allo da sansa a kunne suke koyaushe. A garin da wuta ke ɗaukewa, mai mirrorless ba ya fita biki da ƙasa da batiri 3.

Gilasan gaban kamara (lens) da kake da su ba su tashi aiki ba. Tun da Canon ya fito da jerin kamarori marasa madubi na EOS R a 2018 akwai adafta EF-EOS R da ke haɗa su da waɗannan kamarorin, saitin ido kuma yana aiki. Sai dai ka kula: gilashin 18-55 da ya zo da 2000D na ƙaramar sansa ne. In ka ɗora shi a kan RP mai babbar sansa, 36 da 24 milimita, hoton zai sauka daga megafiksel 26 zuwa kusan 10. A kan R10, marar madubi mai ƙaramar sansa, babu wannan asarar.

Shawararmu, kada kuɗin ya ƙare a jikin kamara. Gilashi 50mm f/1.8 zai canza maka hoton ɗaki da na dare fiye da ƙarin megafiksel. In kuma ta hannu za ka saya, ka nemi a nuna maka adadin dannin da ta yi. Mai gurbin kati 2, irin 5D Mark III ko R6, ta fi kwanciyar hankali, don ba a sake ɗaura aure saboda kati ya lalace.

Tambaya: Ɗigo baƙaƙe na fitowa a hotunana, wuri ɗaya kullum. Kamarar ta lalace ne? Daga mai karatu a Yamai.

Amsa: Hajiya, ƙura ce ta zauna kan sansa, kuma lokacin hazo mirrorless ta fi kamuwa, tunda a yawancinsu da an cire gilashi sansar a buɗe take. Ki sa buɗin gilashi a f/16, ki ɗauki farin bango, za ki ga inda take. Ki kifa bakin kamarar ƙasa ki hura da famfon roba na hannu. Kada ki hura da baki, yawu na barin tabo, kada kuma ki sa auduga ko iskar mai faci. Wurin canza gilashi ki kashe kamarar, ki shiga ɗaki ko mota.